Sirdin Tagulla ko na Baƙin Ƙarfe: Ina Bambancin Amon Jitar Bes Yake?

A cikin kayan kiɗa na zamani, da wuya a sami wanda ƙirji ke riga kunne jin sa kamar jitar bes mai aiki da lantarki, wato doguwar jitar nan mai tsirkiya huɗu da kaurin murya. Tun cikin shekarun 1970 makaɗanta a Amurka da Turai suke wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, a kan wani ɗan guntun ƙarfe da bai wuce gaɓar yatsa ba. Wasu sun ce in da tagulla aka yi shi, amo yakan yi zaƙi ya daɗe bai mutu ba. In da baƙin ƙarfe ne, ya yi kaifi. In kuwa da sanholo ne, ya fito sakayau. Kamfanoni sun mayar da wannan zance haja, makaɗa kuma suna ta zuba kuɗinsu. Abin tambaya a nan shi ne, nawa ne daga cikin bambancin yake jikin ƙarfen, nawa ne kuma yake cikin kan mai sauraro?

Duk wanda ya taɓa duban goge da kyau ya san jaki, ɗan itacen nan da ake girkawa bisa fata domin ya ɗage tsirkiya. Jitar bes ma tana da nata jakin, sai dai shi faranti ne na ƙarfe da aka ɗaure da kusoshi a gindin gangar jikinta. A kan farantin akwai 'yan gungumomi, kowace tsirkiya da wanda take hawa, su ne maƙeran jita suka laƙaba wa sunan sirdi, ko da yake a ƙasar Hausa da akumari aka san jaki. A kan waɗannan sirada ake jayayyar.

Sunan ɗaya ne, amma aikin ya sha bamban. Jakin goge ɗan aike ne: shi ke karɓar rawar tsirkiya ya miƙa wa fata, fata ta kaɗa iska, iska ta kai wa kunne. Saboda haka canza shi canza muryar goge ne kai tsaye. Jitar lantarki kuwa ba ta dogara ga gangar jikinta wajen yin ƙara ba. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai wata na'ura, maɗaukin amo, wadda ba kome ba ce illa maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe zagaye dubbai. Idan tsirkiyar ƙarfe ta yi rawa a gabansa, sai a sami ɗan lantarki a cikin wayar, bisa ƙa'idar da Michael Faraday ya gano a Ingila a 1831. Wannan lantarki ne ake haɓakawa ya fita ta amsa-kuwwa. Wato dai maɗaukin tsirkiya yake kallo, ba sirdi ba. Hanya ɗaya tak ta rage wa sirdi ya sa baki cikin amo, ita ce ta abin da yake zarewa daga ƙarfin tsirkiya. Ba ya ƙara mata kome. Iyakarsa ya rage.

To, me yake ragewa? Tsirkiya mafi kauri tana kai da komowa kimanin sau 41 a daƙiƙa, mafi siranta kuma sau 98. Amma kowace, a lokaci guda, tana wasu ƙananan raye-raye masu ninkin wannan sauri sau biyu, sau uku, sau huɗu, har abin da ya yi sama. Su za a iya kira 'ya'yan amo, kuma yawansu da saurin mutuwarsu su ne ke bambanta muryar wannan jita da waccan. Duk lokacin da igiyar rawa ta isa ƙarshen tsirkiya, yawancinta kan dawo, kaɗan ya tsiyaye. Idan madogarar mai tauri ce da nauyi, tsiyayar ba ta taka kara ta karya ba. Idan mai laushi ce, sai ta tsotse 'ya'yan amo na sama tun da wuri, a ji murya ta dushe.

Har zuwa nan masu gardamar suna da gaskiya, tarihi ma yana bayansu. Jitar Precision Bass da Leo Fender ya fitar a Kalifoniya a 1951 sirdi biyu gare ta, kowane yana ɗauke da tsirkiya biyu, kuma ba na ƙarfe ba ne, na wani dunƙulallen zare ne da aka matse. Ba a jima ba kamfanin ya koma ga baƙin ƙarfe, sa'an nan a 1957 ya ba kowace tsirkiya nata sirdin. Tsakanin matsattsen zare ko roba ko itace da ƙarfe akwai tazara mai faɗi, kuma ba wanda zai yi mamaki in kunne ya kama ta.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba, domin gardamar ta yau tsakanin ƙarfe da ƙarfe take. Tagulla, wadda gamin jan ƙarfe da tutiya ce, tana da nauyin kimanin giram 8.5 a kowane murabba'in santimita mai kauri ɗaya, baƙin ƙarfe kuwa 7.8. Bambancin bai kai kashi ɗaya cikin goma ba, a kan abin da dukkansa 'yan giram ne, wanda kuma yake manne da jita mai nauyin kilo huɗu ko kusa da haka. Gaskiya ne baƙin ƙarfe ya ninka tagulla ƙin lanƙwasa kusan sau biyu, amma a wajen siririyar tsirkiya dukkansu bango ne. Wanda ya jefa ƙwallo a katangar dutse da ta siminti, da wuya ya gane wace ce ta fi maido masa da ita. Sanholo ne kaɗai ya fita daban, da nauyinsa na 2.7, shi ma tasirinsa ya fi bayyana idan dukkan jakin aka ƙera da shi. Haka kuma jakunan nan masu nauyi da suka yi tashe a shekarun 1970, irin na Badass, ba sirdi kaɗai suka canza ba. Sun canza nauyin farantin da sigarsa da yadda yake kama itace.

Akwai kuma abin da ake yawan mantawa: tsirkiya baki biyu gare ta. Ɗaya bakin yana kan dogon wuyan jita, inda yatsa ke danne ta bisa 'yan tsinkayen ƙarfe da aka gitta. Wuyan nan siriri ne, yana lanƙwasa, yana rawa. Helmut Fleischer, wani masanin kimiyyar motsi a birnin Munich na Jamus, ya auna wannan wajen ƙarshen shekarun 1990, ya nuna cewa matattun gurabun da makaɗan bes ke kuka da su, inda amo ke yankewa da wuri, daga rawar wuya suke tasowa, domin a nan ƙarfin tsirkiya ya fi samun kafar zurarewa. Mai gyaran sirdi yana liƙe ƙaramar ɓula ne ya bar babba.

Duk da haka makaɗa da yawa za su rantse sun ji bambanci, kuma ba ƙarya suke yi ba. Sai a dubi abin da kan faru ranar da aka canza sirdi. Dole a kwance tsirkiyoyi, galibi kuma a ɗaura sababbi, alhali sabuwar tsirkiya ta fi wadda ta sha gumi da datti kaifin murya nesa ba kusa ba. Dole a sake daidaita tsayin kowace tsirkiya, wanda ke canza nisanta da maganaɗisu. Kusoshin da suka saki a da, yanzu an ɗaure su. Tsagin da ya cinye an maye shi da sabo. Abu huɗu ko biyar sun canza a lokaci guda, aka ɗora yabon a kan guda. Ɗalibin ilmin halittu da ya canza wa shuka taki da ruwa da hasken rana a rana ɗaya, sa'an nan ya ce taki ne ya sa ta girma, ba zai ci jarrabawa ba.

Sauran bayanin yana cikin kunne. A can ciki akwai wata gaɓa mai siffar katantanwa, ɗauke da ƙwayoyin halitta masu gashi kimanin 15,000. Georg von Békésy, wanda ya sami kyautar Nobel a 1961, ya nuna cewa kowane irin amo da wurin da yake kaɗawa a cikinta, siririn amo a bakin ƙofa, mai kauri can ƙurya. Tun a 1933 kuma Fletcher da Munson suka tabbatar da cewa kunne ba ya yi wa amo adalci: ya fi kaifi tsakanin rawa 2,000 zuwa 5,000 a daƙiƙa, yana da nauyi ƙwarai a ƙasa inda bes ke zaune, kuma wannan rashin daidaito yana sauyawa gwargwadon ƙarfin ƙara. Ma'ana, in makaɗi ya ɗan ƙara ƙarfin yatsa saboda murnar sabon kaya, amon zai cika masa kunne fiye da da. Ga shi kuma ainihin hoton sauti ba ya wuce 'yan daƙiƙoƙi a ƙwaƙwalwa, alhali canza sirdi aikin sa'a guda ne. Abin da ake kwatantawa da sabon amo ba tsohon amo ba ne, labarinsa ne. Ƙwayoyin gashin nan, in ƙara ta kashe su, ba sa sake tsirowa a jikin ɗan Adam, ko da yake na tsuntsaye suna yi, kuma na siririn amo ne ke fara tafiya. Tsohon makaɗi, wanda aka fi sauraron hukuncinsa, shi ne wanda ya fi shan ƙara.

Hausawa kan ce gani ya kori ji, a nan kuwa maganar ta zauna daram. Tagulla ja-ja ce mai ɗaukar ido, sai a ji muryarta da ɗumi. Baƙin ƙarfe mai ƙyalli da sanyi ne, sai a ji shi da kaifi. Abin lura ne yadda siffofin amon suka yi daidai da launin ƙarfen. A 2012 da 2014 Claudia Fritz da abokan aikinta sun wallafa gwajin da suka yi wa ƙwararrun makaɗan gogen Turawa, inda aka shamakance musu gani aka ba su tsofaffin gogunan Italiya, har da na Stradivari, gauraye da sababbi. A gwaji na biyu, shida daga cikin goma sabon goge suka zaɓa, kuma sun kasa tantance tsoho da sabo fiye da yadda canki-canki zai bayar. Idan haka ta faru a kan kayan kiɗa sukutum, wanda jikinsa ne muryarsa, ina ga ɗan guntun ƙarfe a jitar lantarki?

James Jamerson, wanda amon besinsa ya cika faya-fayan kamfanin Motown na birnin Detroit a shekarun 1960, da jakin da jitarsa ta zo da shi daga masana'anta ya yi aiki. Ya bar soson da ke danne tsirkiyoyi a gindin jakin, ya kuma ƙi canza tsirkiya sai ta tsinke. Soso da tsohuwar tsirkiya da yatsa guda, kowannensu ya fi irin ƙarfen sirdi tasiri a kan abin da ke fita.

Wuri ɗaya ne hukuncin ke juyawa. Akwai jitocin da ake dasa wa wani ƙyallin dutse ko tangaran a cikin sirdi, mai fitar da lantarki in an matsa shi, bisa abin da 'yan'uwan nan Pierre da Jacques Curie suka gano a Faransa a 1880. A irin wannan jita sirdin ne da kansa maɗaukin amo, don haka abin da aka yi shi da shi yana shiga murya kai tsaye, kamar jakin goge.

Ga sauran jitoci, raba gardamar ba ta bukatar ɗakin bincike mai tsada. Jita ɗaya, tsirkiya iri ɗaya masu shekaru ɗaya, tsayi a auna shi da ma'auni, a sami na'urar da za ta tsinki tsirkiya da ƙarfi ɗaya kowane karo, a naɗi amon kowane sirdi, a daidaita ƙarar. Sa'an nan a kunna wa mai sauraro sau ashirin a hargitse, ba shi ba, ba mai kunnawar ba, kada wanda ya san wanne ne wanne. Wanda ya dace sau goma, sa'a ce kawai irin ta jefa kwabo. Wanda ya dace sau goma sha bakwai ko fiye, ya cancanci a saurare shi, kamfanin da ke sayar da sirdin kuma ya cancanci a tambaye shi ko ya taɓa yin irin wannan gwaji kafin ya buga tallarsa.