Gardamar 'yan kallo: Mai sayen labari ma yana da haƙƙi

Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi ko shagon masu tura finafinai a waya a kasuwanninmu na kan iyaka, tun daga Jibiya da Illela da Maigatari har zuwa Maraɗi da Agadas, ya san irin gardamar da kan kaure idan aka saki sabon kashi na wani shiri mai dogon zango. Wannan gardama takan bi 'yan'uwanmu duk inda neman halak ya kai su, har Sabha ta ƙasar Libiya da ƙauyukan da ke kusa da ita irin su Zighan. Wani ya ce ai wance tun a zango na biyu ta mutu, wani ya rantse ɓata kawai ta yi. Dattawa da dama kan ɗauki wannan a matsayin surutun marasa aikin yi. Mu a ganinmu lamarin ya wuce haka, domin mai kallo ya biya kuɗi, kuma gardamar tasa duba kaya ce irin wadda kowane mai saye ke yi kafin ya sake dawowa rumfarka.

Bari mu fara da misalin da duniya ta fi sani, wato Game of Thrones, shirin almara na tashar HBO ta Amurka, wanda aka haska daga 2011 zuwa 2019 cikin zango 8 da kashi 73. An ɗauko shi ne daga littattafan George R. R. Martin, sai dai shirin ya riga marubucin yin gaba, domin littafi na biyar ya fito a 2011, na shida kuwa har aka kammala shirin bai fito ba. Daga nan masu shiryawa suka koma jan labarin da kansu, ƙorafi kuma ya yawaita. A zango na bakwai, a 2017, wasu jarumai sun maƙale a tsakiyar ƙanƙara, aka aika ɗan saƙo da ƙafa, daga nan tsuntsu ya ɗauki wasiƙa zuwa wani tsibiri mai nisan gaske, sai ga sarauniya ta iso da dodanninta kamar daga bayan gari take. A watan Mayun 2019 kuma aka ga kofin gahawa na zamani a kan teburin sarakunan da, har sai da tashar ta goge shi daga baya. Mutum fiye da miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar koken neman a sake zangon ƙarshe.

Abin tambaya a nan shi ne, me ya sa mutumin da ya yarda da dodo mai aman wuta zai ƙi yarda da saurin tsuntsu? Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin amsar. Wanda ya taso daga Agadas ya bi ta Dirku da Madama da Gatrun kafin ya ga Sabha ya san tafiyar kwanaki ce, kuma idan yaronsa ya ce masa ya je ya dawo tsakanin azahar da la'asar, to ba zai sake ba shi ajiyar kuɗi ba. Haka almara take. Mai labari yana da 'yancin kafa kowace irin doka a duniyar da ya ƙirƙira, amma da zarar ya kafa ta, ta hau kansa. Tun a tatsuniya muka san haka: yara ba su taɓa musun cewa Gizo yana magana ba, amma ka ce matarsa ba Ƙoƙi ba ce ka ga yadda za su taso maka.

A nan gida, Labarina na darakta Aminu Saira, wanda ya fara fitowa a 2020, shi ne ya fi jawo irin wannan muhawara, duk da cewa ba na dodanni ba ne. Idan mai karatu bai manta ba, da Nuhu Abdullahi ya bar shirin, sai labarin ya kashe Mahmud, saurayin da jama'a suka daɗe suna bin soyayyarsa. Da Nafisa Abdullahi ta fice a 2022, sai aka miƙa wa Fati Washa matsayin Sumayya. Wasu suka karɓa, wasu suka ce ba wannan Sumayyar suka sani ba. Daga baya ma aka buɗe sabon labari da Sadiq Sani Sadiq a matsayin Mainasara, suna dai yana nan amma kayan ciki sun sauya.

Ba ma zargin kowa da ha'inci, domin tushen matsalar yana cikin yadda kasuwar ta juya. Tun daga Turmin Danya na 1990, fim ɗin Hausa a kaset ake sayar da shi, a kammala shi sannan a kai wa dillalai a Ƙofar Wambai da ke Kano. Satar fasaha da tura finafinai a waya suka durƙusar da wannan kasuwa, masu shiryawa suka koma YouTube da tashoshi irin su Arewa24 da aka buɗe a 2014. A wannan sabon tsari kuɗin na shigowa ne sannu a hankali ta hanyar talla, don haka sau da yawa akan fara haskawa kafin a san inda labari zai tsaya. Cikin shekarun nan jarumi kan tafi, jaruma kan yi aure, marubuci kan sauya, shi kuwa mai kallo yana riƙe da tsohon kashi a wayarsa, yana iya komawa ya kafa hujja. A zamanin kaset mantuwa kan rufa wa marubuci asiri, yanzu wannan rufin ya yaye.

A watan Mayun 2025 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta dakatar da shirye-shirye 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa rashin miƙa su a tace kafin haskawa. Damuwar hukumar tarbiyya ce da bin doka, ba daidaiton labari ba, kuma babu wata hukuma da za ta tsaya wa mai kallo a kan wannan. Shi ya sa gardamar teburin mai shayi take da amfani, domin ita ce kotun da ta rage masa.

Ina ruwan ɗan kasuwa a ciki? Da yawanmu muna ba da tallar atamfa ko turare ko kayan abinci a tsakiyar waɗannan shirye-shirye, wasunmu kuma tura su a waya ce sana'arsu. Ranar da jama'a suka ji an raina musu hankali suka daina kallo, tallar ta bi ruwa, mai shagon turi kuma ya yi zaman jiran tsammani.

Saboda haka muna ba masu ba da talla shawara su riƙa tambaya kafin su zuba kuɗi: an gama rubuta wannan zango? An ƙulla yarjejeniya da jaruman har ƙarshensa? Su kuma masu shiryawa su ajiye wanda aikinsa shi ne riƙe tarihin kowane ɗan wasa, kamar yadda kowane shago mai tsari ke da littafin bashi. Hausawa na cewa alƙawari kaya ne, kuma duk wanda ya ce wa jama'a su biyo shi mako mai zuwa, ya ɗauki wannan kaya a kansa. Allah Ya ba mu ikon saukewa.