ABUJA: AN GUDU BA A TSIRA BA

Ya ku 'yan'uwanmu mazauna kurmi, na Agege da Idi-Araba da Sabon Badun da Fatakwal, mun sha jin wasunku suna cewa idan zaman Kudu ya gagara sai su tattara ya-nasu-ya-nasu su nufi Abuja, tun da birnin kowa ne, kuma ga shi kusa da gida. To, kafin ku ɗaure kaya, ku tsaya mu duba wannan birni da idon basira.

Ranar 3 ga watan Fabrairu, 1976, Janar Murtala Muhammed ya ba da sanarwar za a ɗauke hedkwatar ƙasa daga Ikko, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Ɗaya daga cikin manyan hujjojin shi ne Ikko ta cushe, ba masaka tsinke, ga cunkoson motoci, ga ƙarancin muhalli. A lokacin kuɗin man fetur yana kwarara kamar ruwan Agusta, domin farashinsa ya ninka har sau huɗu tsakanin 1973 da 1974. Aka yanko ƙasa daga jihohin Neja da Filato da Kwara, aka ɗauko ƙwararru daga Amurka suka zana taswirar birnin a 1979, kuma ranar 12 ga watan Disamba, 1991, gwamnatin Janar Babangida ta tare.

Shin an warke daga ciwon Ikko? Wanda ya taɓa bin hanyar Nyanya da asubar fari shi zai ba ku amsa. Ma'aikata da leburori da masu gadi sukan bar Mararaba da Masaka tun kafin kiran assalatu, su shafe sa'o'i a kan tafiyar da ba ta taka kara ta karya ba, sa'an nan da yamma su sake shan wannan azaba. Ita kanta Nyanya sansani ne na wucin gadi da aka yi wa leburorin da suka gina birnin. Ga shi wucin gadi ya zama mutu-ka-raba.

Masu mulki sukan ce laifin baƙi ne da suke tuɗaɗowa ba ƙaƙƙautawa. Wannan magana ba ta da tushe. Wa ya haƙa harsashin Maitama da Asokoro? Wa yake gadin gidajen, wa yake kawo nama da tumatir kasuwar Wuse? Birni ba ya tsayuwa sai da talaka, amma da aka zo rabon filaye sai aka mance da inda zai kwana. Doka ta danƙa ƙasar yankin baki ɗaya ga Gwamnatin Tarayya, minista ke rabawa, kuma kowa ya san wanda takardarsa ke isa teburin minista. Shi ya sa za ka ga manyan gidaje a kulle shekara da shekaru ba kowa ciki sai mai gadi, alhali can bisa dutsen Mpape, inda ake hango fitilun Maitama, mutum biyar suna cushe a ɗaki guda. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!

Su ma Gwarawa, masu ƙasar tun kaka da kakanni, ba su tsira ba. An kwashe mutanen Wuse zuwa Sabon Wuse a jihar Neja, saura kuwa har yau suna kukan diyya da matsuguni.

Tushen cutar shi ne an jingina birnin ga rijiyar mai. Kuɗin mai ya iya gina titi mai faɗi da dogon bene, amma ba shi da alkawari. Da farashi ya fara faɗuwa a 1981, har ya yi ƙasa warwas a 1986, sai ayyuka suka tsaya cik, jama'a kuwa ba su daina zuwa ba, domin noma da masaƙun Kaduna da Kano da za su riƙe su a gida an bar su sun durƙushe. Saboda haka gundumomi da dama suna nan a takarda, an raba filaye, amma babu titi, babu magudana. Ga madatsar ruwa ta Usuma, an kuma jawo mata ruwa daga Gurara, duk da haka a unguwannin gefe 'yan ga-ruwa da kurarsu su ne famfo.

Dubi jirgin ƙasan cikin gari da aka gina da bashin ƙasar Sin. An buɗe shi a 2018, ya tsaya a 2020, bai sake motsi ba sai 2024. Ya nufi filin jirgin sama da wajen Kubwa, ya bar Nyanya da Mararaba inda cunkoson ya fi tsanani. Da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, wa ya ɗanɗana kuɗarsa? Wanda aka tura bayan gari, yake biyan kuɗin mota safe da yamma.

Maganin da hukuma ta fi sani shi ne katafila. Ku da kuka ga rushe Maroko a 1990, kuka kuma ga hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida na Ikko a 2022, ku sani Abuja ta riga ta hana acaɓa a tsakiyar birni tun 2006, kuma tsakanin 2003 da 2007 an baje unguwanni irin su Idu-Karmo da Chika. An ce taswira ake karewa. Amma wanda aka rushe wa ɗaki ba ya ɓacewa, gaba kaɗan yake matsawa ya kafa wani.

Don haka muna kira da babbar murya. A keɓe wa ƙaramin ma'aikaci da ɗan kasuwa filaye masu takarda, da ruwa da hanya, kusa da wurin neman abincinsu. A ɗora haraji mai nauyi a kan gidajen da aka kulle. A kai jirgin ƙasa da manyan motocin haya Nyanya da Mararaba. A biya Gwarawa hakkinsu. A kuma farfaɗo da noma da masana'antu a garuruwanmu, don kada yunwa ta riƙa koro matasa.

Ku kuma 'yan'uwa, ku sa sarakunan Hausawa da ƙungiyoyinku na kasuwa su tuntuɓi wakilanku na Majalisar Tarayya a kan waɗannan buƙatu, ku riƙe amsarsu har ranar zaɓe. Da dukiyar ƙasa aka gina Abuja, kuna da hakki a cikinta daidai da mai gida a Maitama. Allah ya sa mu dace.