Motar Ɗaga Kaya Ba Amalanke Ba Ce

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Shinkafi ran Alhamis ya san yadda ake lodi: ɗan dako ya sunkuya, a aza masa buhun gero, ya kai bakin mota. A manyan wuraren ajiya na Kano, irin tashar sauke kaya ta kan tudu ta Dala da aka buɗe a 2023, inji ke wannan aikin. 'Yar guntuwar mota ce mai ƙarafa biyu a gaba kamar cokali mai yatsu, ana ce mata fokilif. Tunda samarinmu na Jangeru da Zurmi da Ƙaura kan tafi birni neman na kansu in an yi hutu, gara ku santa tun yanzu.

Ku ɗauke ta kamar sikeli. Kaya na gaba, a baya an dasa mata dunƙulen ƙarfe don ya danne, tayoyin gaba su ne tsakiya. Wadda aka rubuta wa tan 2.5, wato buhu 25 mai kilo 100, ita kanta takan kusa tan 4. A ƙara mata kaya don a tashi da wuri, sai bayanta ya ɗaga. A sha kwana da kaya a sama, sai ta kife. Shi ya sa direban kirki ke sauko da ƙarafan kusa da ƙasa kafin ya ja, in kuma kaya sun tare masa gani ya tafi da baya.

Inda ya fi ba ni tsoro shi ne lokacin da ta fara kifewa. Zuciya cewa take ka diro, diron nan kuwa shi ke kisa, domin rufin ƙarfen da ke saman direba ne zai bi ka ya danne. Abin da ake koyarwa shi ne ka ɗaura bel, ka riƙe sitiyari gam, ka tokare da ƙafa, ka karkata jikinka saɓanin inda take faɗuwa.

Kai da ke ƙasa, da tayoyin baya take juyawa, don haka bayanta ke yin shara in ta sha kwana. Kada ka tsaya nan, kada ka ratsa ƙarƙashin kayan da ta ɗaga, kada ka ɗare gefenta don a rage maka hanya. Kujerarta ɗaya ce. In maigida ya miƙo maka makulli wai ai ka iya babur, ka ce a fara koya maka tukuna.