A TAMBAYI HANYA KAFIN A BA DA DUTSE

Yanzu ba abin mamaki ba ne manomi ya wayi gari ya ga baƙi da kayan awo suna kewaya dutsen da ke bayan gonarsa. Aikin tituna da gine-gine ya yawaita, ba a kuwa zuba kwalta ko kankare sai da tsakuwa, saboda haka kamfanoni ke neman duwatsun ƙauye su fasa. Wannan ba laifi ba ne, gama samari kan sami aiki, masu abinci su yi ciniki. Amma ran da aka zauna a ƙofar dagaci, hankalin kowa kan tafi ga diyyar gona, ba mai tambayar ta inda motoci za su bi.

To, diyya sau ɗaya ake biyanta, mota kuwa kullum za ta wuce. Bisa dokar ma'adinai ta 2007, izinin fasa dutse na shekara 5 ne, ana kuma iya sabunta shi. A ce tifa 50 ke yin lodi a yini, watau sau 100 ke nan za su ratsa gari, shiga da fita. Hanyar da za su bi kuwa ita ce ta amalanke da shanun huɗa, ita ce ta 'yan makaranta da mata masu kai nono kasuwa. Wanda ya san Mpape, kusa da Abuja, inda aka daɗe ana fasa dutse, ya ga yadda tifofi da motocin haya da masu tafiya a ƙasa ke gangarowa ta hanya guda har su iske babban titi.

Wurin da ya fi haɗari shi ne mahaɗar, inda burjin kamfani ya haɗu da kwalta. Tifa mai ɗauke da tan 30 sannu a hankali take hawa titi, ta tare shi duka kafin ta miƙe. Ƙaramar mota kuwa mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 kowace daƙiƙa. Kadan mahaɗar tana bayan kwana ko gindin tudu, kafin direba ya hango ya taka birki aikin gama ya gama.

Sa'an nan ga lalacewar hanya. A wani gwaji da aka yi a jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960, an gane cewa in aka ninka nauyin da ke bisa ƙafafun mota sau biyu, ɓarnar da take yi wa titi takan ninku wajen sau 16. Burjin ƙauye da kwalbatinsa ba don irin wannan nauyi aka yi su ba. In suka rushe da damina, motar taki ba ta shigowa, tumatir ya ruɓe a kwando, kuɗin dako ya hau. Ƙura kuma takan rufe ganyen shukar bakin hanya, ta rage yabanya.

Abin farin ciki shi ne doka ba ta bar talaka hannu rabbana ba. Dokar nan ta 2007 ta wajabta wa kamfani ya ƙulla yarjejeniya a rubuce da mutanen wurin kafin ya fara aiki. Dokar duba illar ayyuka ga muhalli ta 1992 kuma ta sa a binciki manyan ayyuka tukuna, akan kuma ajiye rahoton kwanakin aiki 21 don jama'a su karanta su faɗi ra'ayinsu. Malaman ofis da 'yan kasuwa masu karatu, nan ne za su taimaki 'yan'uwansu.

Ga abin da ya kamata a sa cikin takardar. Kamfani ya yi hanyarsa ta bayan gari, kada ta tare burtali. A sa mahaɗar a miƙaƙƙen wuri inda ake hangen nesa, a faɗaɗa gefen titi, a kafa alamu, a kuma kira Hukumar Kiyaye Haɗurra ta duba. Motoci su dakata lokacin zuwa makaranta da tashi, da safiyar ranar kasuwa. A rufe lodi da tamfol, a yayyafa wa burji ruwa da rani. A rubuta wanda zai gyara hanya da kwalbati, da wanda zai biya in an buge dabba.

Wani zai ce yawan sharaɗi na korar kamfani. Ai dutse ba ya ƙaura, mai bukatarsa shi zai zo inda yake. Lalle hakimai da dagatai su tsaya kan wannan magana tun ba a sa hannu ba, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.