Bashin karatu ba ya sauke nauyin uba

Tun da Najeriya ta fara karɓar takardun neman rancen ɗalibai na NELFUND a watan Mayun 2024, muke jin wasu 'yan kasuwa a Jibiya da Illela suna cewa sun huta da kuɗin jami'a. Gaskiya ne ba a ɗora ruwa a kai ba, amma dai bashi ne. Shekara 2 bayan yaro ya gama bautar ƙasa za a soma cire kashi 10 cikin 100 na albashinsa, daidai lokacin da yake neman jari da aure.

Nan gida Nijar ma ba mu tsira ba. Bursun ANAB kan yi watanni bai fito ba, ɗalibi ya kwana da yunwa a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ubansa yana Ƙonni yana cewa ai gwamnati na biya.

Talaka in ya ci rance ba mu ga laifinsa ba. Amma Alhajin da ke sauke tirela duk mako, don me zai tura ɗansa layi ɗaya da ɗan mai turin baro? Ku buga wa yaran nan waya, ku tambaye su abin da suka ci yau.