Gyaran Wayar Lantarki Nauyin Mai Gida Ne

Duk wanda ya san gidajen haya na Agege da Idi-Araba a Ikko, ko na Sabon Ibadan da Shagamu, ya san yadda wayoyin lantarki suke rataye a bango kamar saƙar gizo-gizo. Da yawa daga cikin gidajen nan an ja musu waya tun zamanin NEPA, wadda aka kafa a 1972, wasu ma kafin nan. An yi aikin ne domin ƙwan fitila da fanka da rediyo. Yau kuwa wayar nan ce take ɗauke da firiji da dutsen guga da hita a ɗakuna goma ko fiye. Butar lantarki guda mai wat 2,000 tana jan wutar da ta fi ta ƙwan fitila 30 masu wat 60. Idan waya ta tsufa, robar jikinta ta bushe ta tsattsage, sai ta yi zafi, daga zafi sai tartsatsi, daga tartsatsi sai gobara. A gidan da ƙofar fitarsa ɗaya ce, tagogi kuma duk da ƙarfe, gobarar tsakar dare ba dukiya kaɗai take ci ba.

To, wa zai gyara? Kamfanonin rarraba wuta, waɗanda suka karɓi aikin a 2013, iyakarsu mita. Abin da ya wuce mita zuwa cikin gida na mai gida ne. Amma idan ɗan haya ya kai kuka, sai a ce masa ai shi yake shan wutar. Wannan magana ba ta da tushe. Waya jikin gini ce, kamar rufi da rijiya. Ɗan haya bai zo da ita ba, ranar da zai tashi kuma ba zai naɗe ta ya tafi da ita ba. Wanda ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski.

Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta ɗora wa mai gida gyaran wajen gini da wuraren da ’yan haya suke tarayya a kansu, sai fa idan yarjejeniya ta faɗi wani abu dabam. Ta kuma ɗauke wa ɗan haya alhakin lalacewar da tsufa ya kawo. Babbar waya da akwatin fis da wayar da ake binnewa a ƙasa domin tsare mutum daga jan wuta, duk kayan tarayya ne.

Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ƙwan da ya mutu da soket ɗin da yara suka fasa na ɗan haya ne. Wanda kuwa fis ya ƙone masa ya cusa waya mai kauri a madadinsa, ya kashe mai gadin gidan da hannunsa, domin an yi fis ne ya ƙone kafin waya ta kama.

Baƙunta ce take sa ɗan Arewa yin shiru, yana tsoron kada a ba shi takardar tashi. Shirun nan ba ya tsare kowa. Ya kamata mai neman ɗaki ya duba waya kafin ya biya, ya karɓi rasit, ya sa a rubuta wanda gyara yake kansa. In matsala ta taso, ’yan haya su haɗu su rubuta wa mai gida takarda, su ajiye kwafi. Kada kowa ya yi gyara da nufin cirewa daga kuɗin haya sai da yardar mai gida a rubuce. Mai gyaran kuma ya zama mai takardar shaida daga hukumar NEMSA, ba yaron da ya iya ɗaura waya kawai ba.

Ya dace sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin ’yan kasuwa su shiga maganar nan, domin mai gidan da zai raina mutum ɗaya ba zai raina jama’a ba. Masu gidaje kuma, har da ’yan Arewa da suka yi gini a kudu, su tuna kuɗin sake waya bai kai kuɗin sake gini ba, rai kuwa ba a sake shi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.