Taimin Bel Ba Ya Sallama Kafin Ya Tsinke

A tashoshin Birnin Kudu da Gwaram akwai ƙa'idar da direbobi da iyayen gidansu suka riƙe kamar karatu: abin da bai yi ƙara ba a mota, ba a taɓa shi. Ga salansa ko shokozoba, masu kuka kafin su mutu, ana iya lamuntar hakan. Ga taimin bel kuwa, wannan ƙa'ida ce ke kashe injin, sannan a ɗora wa tsautsayi.

Aikin bel ɗin shi ne haɗa karanshaf da kamshaf, don bawul su buɗe su rufe daidai da hawa da saukar fistin. Duk juyi biyu na karanshaf, kamshaf na yin ɗaya, kuma idan allura ta hau 3,000, karanshaf na juyawa sau 50 a daƙiƙa guda. A injuna da yawa, irin na Peugeot 406 da Honda Accord ta 1998 zuwa 2002, wurin da bawul ke leƙowa nan fistin ke isowa, lokaci ne kawai ya raba su. Bel na tsinkewa fistin zai naushi bawul ya lanƙwasa su, aikin bel ɗaya ya koma sauke top silinda, wani lokacin ma sayen injin Beljiyam a Ƙofar Ruwa. Robar tana ɓoye a cikin murfi, zaren cikinta ke gajiya, kuma tana iya yin kyau a ido ana gobe haƙoranta za su zube. Shi ya sa masu ƙera motoci suka sa wa'adi, galibi tsakanin kilomita 60,000 da 160,000 ko 'yan shekaru, gwargwadon injin. Daga Birnin Kudu zuwa Kano kimanin kilomita 130 ne. Motar haya mai zuwa da dawowa sau ɗaya kullum tana cin wajen kilomita 95,000 a shekara, cikin zafin Afrilu da ƙurar hunturu, sau da yawa baƙin mai na ɗiga kan robar yana cinye ta.

Za a ce babu kuɗi, musamman tun cire tallafin fetur a Mayun 2023. Gaskiya ne, amma mai ƙaramin ƙarfi ne ya fi kowa rashin halin sayen injin, kuma shi zai kwana a Kwanar Babaldu da fasinjoji suna neman ragowar kuɗinsu. Hujjar da ta fi nauyi ita ce tsoron gyaran gangar Auzinawa: jabun bel ya cika kasuwa, kuma bakanike na iya saɓa saiti da haƙori ɗaya, mota ta dawo ba ƙarfi tana zuƙar mai. Wannan tsoro na da tushe. Sai dai maganinsa a sayi bel na asali, a canja shi tare da tayoyin da ke ɗame shi da famfon ruwa idan bel ɗin ke juya shi, a daidaita alamomi, a juya injin da hannu zagaye biyu kafin a ba shi wuta. Masu cewa agogon motarsu bai kai wa'adi ba su tuna ba kowane agogon 'yar Kwatano ke faɗin gaskiya ba. Wanda bai san ranar canji ba, ya ɗauka ba a taɓa yi ba.

Sai masu bugun ƙirji da cewa injinsu sarƙa ce da shi ba bel ba, 'yan Corolla ta 2003 da Camry ta 2002 mai silinda huɗu, waɗanda suka gaji yaƙininsu daga zamanin 504 ta Kaduna. Sarƙa ta fi bel daɗewa, ba musu, amma ranta na hannun baƙin mai: shi ke shafe ta, ƙarfinsa ke tura abin da ke ɗame ta. A jinkirta juye ko a zuba man gefen titi, sai ta saki, robobin da take bi su cinye. Ita kam tana magana: kacau-kacau na 'yan daƙiƙu a tashin farko da asuba, rawar injin a tsaye, wutar gargaɗi a dashbod, kuma na'urar bincike kan nuna lamba irin P0016. Abin takaici, a garejinmu amsar da aka saba ba ta ita ce a zuba mai mafi kauri har ƙarar ta lafa, a liƙe wutar da baƙin salatif, a koma layin lodi.